Takardar da Reza Ba Ta Rubuta Ba

Reza ba sunanta na gaskiya ba ne. Ɗalibai ne suka laƙaba mata shi tun shekarar da ta fara aiki, malamai suka ɗauka a bayan ido, ita kuma ta ji ta yi kamar ba ta ji ba, don a ƙasan ranta sunan ya yi mata. Ita ke koyar da lissafi a aji uku, ajin da ke zana jarrabawar fita, kuma shekara goma sha shida ke nan ba a taɓa jin ɗalibanta sun zube ba. Jan bironta ba ya tausayin kowa, bakinta kuwa ya fi biron. In ka gaishe ta da safe ta ce "lafiya" ba tare da ta ɗago ba, to ka gode Allah, yau da sa'a ka fito.

Ɗakin malamai na makarantar dogo ne, tebur shida, fanka ɗaya mai kuka, da butar shayi da kowa ke sha ba mai wankewa. Reza tana zama a teburin ƙarshe kusa da taga, ta ba ɗakin rabin baya. A lissafinta mutanen ciki kashi uku ne: masu gyangyaɗi, masu gulma, da masu duba agogo. Takan ce da a ce da awon surutu ake biyan albashi, da tuni malamar Turanci ta gina bene.

A wannan ɗaki ne Sarkin Bita ya kafa abin da ya kira Allon Yabo. Sarkin Bita yana ɗaya daga cikin malamai biyu da ke koyar da lissafi a aji ɗaya. Matashi ne mai ƙamshin turare, takalminsa kullum yana ƙyalli, kuma ba a taɓa kiran taron bita ba sai an gan shi a sahun gaba. Yakan dawo da jaka, da riga mai tambari, da sababbin kalmomi da zai yi wata guda yana jifan mutane da su. Wannan karon da kwali ya dawo, cike da 'yan takardu ruwan hoda da rawaya da kore. Ya ce bincike ya nuna malamin da ake yabawa ya fi ƙwazo. Don haka kowa ya ɗauki takarda, ya rubuta sunan abokin aiki da abin da ya burge shi, ya soke ta da fil a jikin allo.

Kafin mako ya zagayo allon ya cika. Reza ta tsaya gabansa sau ɗaya, kofin shayi a hannu, ta karanta. "Ga malamar Turanci, murmushinki yana haska makaranta." "Ga malamin tarihi, don yadda kake ajiye babur ɗinka ba ka tare wa kowa hanya." Malamin tarihi ya rama, ya yabi mai yabon nasa da iya zaɓen yadi. Reza ta ja tsaki mai tsawo, har malamin wasanni da ke barci a kan tebur ya farka.

"Ba ki ɗauki taki ba, Malama," in ji Sarkin Bita, yana miƙa mata kwalin da hannu biyu.

"Ajiye mini," ta ce. "Ran da na ga malami a ɗakin nan zan karɓa."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi wa maganar Reza, kowa yana fata ba da shi ake ba.

Da abin ya tsaya nan, da wasa ne. Sai Shugaban makaranta ya kira taro ya ce takarda ta zo daga sama. Ɗaliban aji ɗaya sun ragu, za a haɗe azuzuwan biyu, malamin lissafi guda ya isa. Mai kula da sito kuma ya yi ritaya. Saboda haka cikin malaman nan biyu, ɗaya zai riƙe aji, ɗaya ya koma sito ya riƙa ba da alli da tsintsiya.

Shugaba mutum ne da bai taɓa yanke hukunci da bakinsa ba muddin akwai wanda zai ɗora wa. Ko fentin ƙofa za a sauya sai ya kafa kwamiti. Ya share gumi, idonsa ya faɗa kan Allon Yabo, fuskarsa ta saki.

"Ku kun fi ni sanin junanku," ya ce. "Ga allo nan. Nan da mako uku, ana gobe hutu, zan cire takardun in ƙirga. Wanda abokan aiki suka fi yabawa shi zai tsaya a aji. Kun ga ba a ce na yi son kai ba."

Kowa ya waiwaya ya dubi ɗaya malamin, Baba Alli, wanda ke zaune bakin ƙofa yana laluben murfin biro a aljihu.

Baba Alli dattijo ne, saura shekara huɗu ya ajiye aiki. Alli a girarsa, alli a gwiwar hannu, alli a bayan riga inda yake jingina da allo. Yana jan ƙafar hagu in yana tafiya, maganarsa ƙasa-ƙasa. Sau ɗaya aka taɓa tura shi bita, ya kasa gane ɗakin taron ya dawo ya shiga aji. Ajin nasa kuwa hayaniya, allonsa ƙazanta. Ranar farko ta kowace shekara yakan tsaya bakin ƙofa da wani tsohon gwangwanin madara, duk ɗalibin da zai shiga sai ya jefa kilinarsa ta goge rubutu ciki, ba zai sake ganinta ba sai ƙarshen shekara. A ajinsa ba a goge kuskure. Zagaye shi ake yi, a rubuta "a nan na ɓata" a gefe, a sake aiki daga wurin. In ɗalibi ya yi shirme a allo, Baba Alli ba ya gyarawa. Sai ya rubuta "kada a goge" a sama, shirmen ya zauna nan har mai shi ya gano inda ya kauce, ko da kwana uku zai ɗauka.

Reza tana amfani da ɗakin ajin nan sau biyu a mako bayan ya fita, don shi ne mai babban allo. Kullum takan tarar da shirmen yara a jere, ta ɗauki dasta ta shafe shi har da "kada a goge" ɗin. Ba ta taɓa ba shi haƙuri ba, shi ma bai taɓa ce mata uffan ba. Washegari da safe sai a gan shi da ɗan littafi a hannu, yana mayar da kuskuren kan allo yadda yake, har da karkatattun lambobin mai shi. Wannan ma haushi yake ba ta. Babba da shi, a ce ko ɗan ƙorafi ba zai iya ba.

Amma akwai abin da Reza ta sani, wanda duk ɗakin malamai ba wanda ya sani sai ita. Kowace shekara in sababbin 'yan aji uku suka miƙo littattafansu, kafin ta kai shafi na biyu ta san ta hannun wa yaro ya biyo. 'Yan Sarkin Bita littafinsu tsaf, layi ja layi shuɗi, kowace amsa an ja mata layi biyu. Ka sauya musu lamba ɗaya a tambaya, su saki baki suna kallonka. 'Yan Baba Alli littafinsu kamar kaza ta yi tono, zagaye ko'ina, amma in suka ɓata da kansu suke komawa su nemo wurin. Tambayar da ba su taɓa gani ba ba ta firgita su. Su ne ke ɗaga sakamakon aji uku duk shekara, sakamakon da ake kiran Reza gaban taro a tafa mata saboda shi. Takan karɓi tafin, ta koma ta zauna.

Mijinta kaɗai ya san ta sani. Shi mai gyaran agogo ne, kuma shekara ashirin da zama da ita sun koya masa ya riƙa tsokanarta daga nesa. Ran nan da yamma tana duba littattafai a falo, autarsu tana aikin makaranta a ƙasa, shi kuma ya baje wani agogon bango a kan tire. Ta ba shi labarin allon, tana kwaikwayon muryar Shugaba har da share gumin.

"To ke kin rubuta wa tsohon?" ya tambaya, ɗan madubin gyara maƙale a idonsa.

"In rubuta me? In ɗauki takarda ruwan hoda kamar mai wasiƙar soyayya, in soke ta kusa da murmushin malamar Turanci? Allah ya kiyaye."

"Ai na ga bara da aka sa Auta a ajin mai turaren nan, ba ki zauna ba sai da kika bi ta ofis kika mayar da sunanta ajin tsohon."

"Wannan daban."

"Daban ne kam. Waccan 'yarki ce, wannan kuwa aikin wani ne."

Auta ta ɗago. "Mama, korar Baba Alli za a yi?"

"Ba da ke ake ba. Ci gaba da aikinki."

Ta leƙa littafin yarinyar, ta ga zagaye biyu, kowanne da "a nan na ɓata" a gefe, amsar ƙarshe kuma daidai. Ta kau da kai.

"Ba wanda zai kai shi sito," ta ce wa mijin. "Shugaba matsoraci ne, amma ba mahaukaci ba ne. Wanda yake da ido ai ya gani, sai na yi shela?"

"Ido nawa kika ƙirga a ɗakin naku, Maman Auta?"

Ta harare shi, ya mayar da kai kan agogonsa yana murmushi.

Makonnin nan uku Sarkin Bita bai huta ba. Ya rubuta wa kowa takarda, har maigadi da mai shara. Ya ɗauko majigi ya gayyaci malamai su zo su ga darasinsa, inda kusurwoyi ke juyi a bango suna sauya launi, aka kuma raba lemo mai sanyi. Waɗanda suka sha lemon suka fito suna cewa ilimin zamani daban ne, alhali ba wanda ya tsaya ya tambayi yaro ɗaya me ya gane. Takardu suka yi ta taruwa ƙarƙashin sunansa. Baba Alli kuwa yana nan yadda yake. Sai dai duk sanda ya shigo ɗaukar ruwa yakan ɗan tsaya gaban allon, ya gyara tabarau, ya bi shi da kallo daga sama har ƙasa, sannan ya fita.

Saura kwana biyu a ƙirga, Reza ta samu kanta ita kaɗai a ɗakin lokacin tara. Kwalin yana kan tebur. Ta dubi ƙofa, ta zari takarda rawaya, ta rubuta "Ga Baba Alli" da jan biro. Tana cikin tunanin abin da za ta ɗora sai ta jiyo dariyar malamar Turanci tana tahowa a baranda. Nan take ta hango su sun taru gaban allon suna zunguri, suna cewa yau Reza ma ta shigo layi. Ita, cikin waɗannan? Ta dunƙule takardar ta cusa a jaka. Da malamar Turanci ta shigo, sai ta tarar da ita tana duba littafi, fuska a ɗaure kamar kullum.

Ranar ƙirga Shugaba ya riƙa cire takardun ɗaya bayan ɗaya yana lasar yatsa. Sarkin Bita ashirin da uku. Baba Alli biyu. Ɗaya daga malamin wasanni ce, yana gode masa da aron famfon keke. Ɗayar daga Sarkin Bita ne da kansa, da rubutu mai lanƙwasa: "Ga babanmu, don haƙuri da daɗewa." Aka tafa. Sarkin Bita ya dafa ƙirji ya ce bai cancanta ba, kuma wannan ce gaskiya ɗaya tak da ta taɓa fita daga bakinsa a ɗakin. Baba Alli ya miƙe ya ce, "To, madalla," ya fita, don yana da aji.

Reza ta zauna tana jiran Shugaba ya ce zai kafa kwamiti, kamar yadda ya saba. Bai ce ba. Allo ya riga ya sauke masa nauyi, me zai yi da kwamiti? Kafin a tashi ta jiyo shi yana kiran sakatare ya zo a rubuta takardar mayar da Baba Alli sito.

Washegari da safe ta shiga ofishinsa ba ta jira izini ba, ta zube littattafai arba'in da shida a kan jaridar da yake karantawa.

"Ɗauko rajistar aji ɗaya ta shekara biyu da suka wuce," ta ce. "Ka riƙe, kada ka nuna mini."

Ya ɗauko, don ba a saba yi mata musu ba. Ta riƙa buɗe littattafan, ta kalli shafi ɗaya, ta jefa hagu ko dama. "Wannan na Baba Alli ne. Wannan na mai majigi ne. Baba Alli. Baba Alli. Mai majigi." Shugaba yana bin sunayen da yatsa. Arba'in da shida, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Sannan ta ɗora masa takardar sakamakon jarrabawar zango. Cikin goma sha biyar na sama, goma sha uku daga tulin hagu suke, tulin Baba Alli.

"Ikon Allah," in ji Shugaba. "Malama, tun yaushe kika san wannan?"

"Tun kafin a kawo ka makarantar nan."

"To me ya hana ki faɗa? Mako uku allon nan yana rataye."

"Allon wasan yara ne. Ni ba na wasa da takardu masu launi."

"To ko a taro. Da kin tashi kin faɗi rabin abin da kika nuna mini yanzu, wa zai musa miki? Duk tsoronki suke ji. Ni ma haka." Ya rufe rajistar a hankali. "Takardar ta tafi tun jiya. Na sa hannu, an buga hatimi. In na ce a dawo da ita sai a ce ban san abin da nake yi ba."

"Da ma ka sani, ranka ya daɗe?"

Ya haɗiye maganar kamar yadda yake haɗiye komai. "Kwashe littattafanki, Malama."

Ta gaya masa sauran abin da ke bakinta, amma bai sauya komai ba. Ta fito rungume da littattafan, ta bi ta gaban ɗakin malamai inda ake ta barkwancin hutu. Ta so ta raina su yadda ta saba, masu gyangyaɗi da masu gulma da masu shan lemo. Sai ta ga su aƙalla ba su sani ba. Ita ce ta sani. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tunda ta fara aiki.

Da aka dawo hutu ta yi kwana huɗu tana aron alli don kada ta je sito. Ran na biyar ta je. Siton yana bayan ginin gwaje-gwaje, ɗan ɗaki mai taga ɗaya, yana warin fenti da ɓera. Baba Alli yana zaune a ƙaramin tebur tsakanin kwalaye da damin tsintsiya. Rigarsa fes, ba ɗigon alli ko ɗaya, don allin nan duk a rufe yake. Gwangwanin madarar yana kan kanta, makullai ne a ciki yanzu.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, Malama, sannu. Alli ne? Fari ko mai launi?"

"Fari." Ya juya zai ɗauko. "Baba, akwai maganar da ya kamata in gaya maka tuntuni."

Ya dawo ya zauna, ya ɗora hannuwa a kan tebur.

Maganar ta fito da ƙyar, don bakin bai saba ba. Ta ce ba ta taɓa ganin malamin lissafi kamarsa ba. Ta ce tana gane yaransa daga shafi ɗaya. Ta ce duk tafin da aka yi mata a makarantar nan nasa ne, ita ƙarashe kawai take yi. Ta ce ya yafe mata allon da take gogewa. Yana saurare yana gyaɗa kai, kamar yadda yake wa ɗalibin da ya kusa gano inda ya ɓata.

"Na sani, Malama," ya ce.

"Ka san me?"

"Na san kin sani. Ranar da na ga an ƙara sunan 'yarki a ƙasan rajistata da jan biro, na ce to, alhamdulillahi, akwai mai gani a makarantar nan. Har gida na kai labarin. Shi ya sa da aka ce allo ban damu ba. Na ce wa iyalina, mutum ɗaya ce za ta yi magana, in ta yi kuma ta isa. Kullum in na shiga ɗakin nan jan biro nake dubawa."

Reza ta buɗe jaka, ta lalubo takardar rawaya a dunƙule, ta ajiye gabansa. Ita ma ba ta san abin da take so ta yi mata ba. Ya warware ta a hankali, ya shafe ta da tafin hannu, ya karanta kalmomi ukun. Ya juya bayan ko akwai ƙari. Babu.

"Ni ba sai an gaya mini ba, Malama," ya ce. "Na san aikina. Can ne ba su sani ba." Ya nuna wajen ɗakin malamai da haɓa.

Daga nesa muryoyin 'yan aji ɗaya suka taso, suna maimaita wani abu baki ɗaya bayan Sarkin Bita. Baba Alli ya karkata kai yana saurare har suka kai ƙarshe.

"Ya yi saurin ba su amsa," ya ce a hankali.

Sannan ya turo mata kwalin alli, ya buɗe babban littafin sito, ya juya shi wajenta, ya ɗora yatsa a kan layi.

"Sa hannu nan, Malama. Ba a fita da komai sai da rubutu."

Ta ciro jan biron ta sa hannu. Bai ɗauke ta ko daƙiƙa biyar ba.